Giwar Afirka: suna ne ya rage, ko har yanzu akwai ƙarfin?

Malam Habu Zariya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna ta tsakani da Allah, ba don cin zarafin ƙasarmu ba. Tun muna firamare ake koya mana cewa Najeriya ce Giwar Afirka. To da me ake auna wannan girman? A watan Afrilun 2014, da aka sake lissafin tattalin arziki, aka ce mun kai kusan dala biliyan 510, mun sha gaban Afirka ta Kudu, aka yi ta murna. Shekara goma bayan nan, a 2024, lissafin Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya mayar da mu na huɗu. Afirka ta Kudu, Masar, Aljeriya, sannan mu. Aljeriya mutanenta ba su kai miliyan 50 ba, mu kuwa mun haura miliyan 200. Amma har gobe in shugaba ya hau mumbari sai ya ce mu ne kan gaba a nahiyar nan. Shin wannan kirarin ƙara mana himma yake yi, ko shi ne yake sa mu barci?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Malam Habu ɗana, sunan nan ba a kan titi muka tsince shi ba, da aiki aka same shi. Mu da muka ga shekarun 1970 da idonmu ba za mu yarda a ce tatsuniya ce ba. A watan Janairun 1976 Janar Murtala ya tsaya a taron shugabannin Afirka a Addis Ababa, ya ƙi bin ra'ayin Amurka a kan Angola, ya tsaya wa ƙungiyar MPLA. A 1979 gwamnatin Obasanjo ta karɓe kadarorin kamfanin mai na BP saboda batun Kudancin Afirka, Ingila tana ji tana gani. Ni kaina an cire kuɗi daga albashina an zuba a asusun taimakon baƙaƙen fatar Afirka ta Kudu, kuma wallahi ban taɓa jin zafin abin ba. Muna nesa da su dubban kilomita, amma ana lissafa mu cikin ƙasashen da ke bakin daga.

A 1977 na tsaya a filin hawan daba na Kaduna lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, na ga dawakai da raƙuma iya ganinka, baƙi daga ko'ina a duniya suna kallo baki buɗe. A lokacin naira ɗaya ta fi dala ɗaya. Alhaji zai shiga kanti a Makka ya miƙa naira, a karɓa da hannu biyu. Sannan ku tuna Laberiya a 1990 da Saliyo a 1998. Sojojinmu ne ƙashin bayan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, su suka mayar da shugaban Saliyo Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa. Yaranmu da yawa a can aka binne su. Wace ƙasa ce a Afirka ta yi wa maƙwabtanta haka?

Sadiq Ɗalibi:
Allah ya ƙara girma Baba. Ban musa ko ɗaya ba. Amma duk abin da ka lissafa, kafin a haife ni ne. Ni abin da na tarar shi ne yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, muna zaune a gida muna kallon bango. Kafin shi an yi na 2020. Abokina da aka kai jami'a a wata ƙasa maƙwabciya ya gama ya dawo ya yi bautar ƙasa, ni ina nan ina jiran aji na ƙarshe. In an ce mini Giwa, sai in rasa inda zan sa maganar.

Injiniya Bello:
Bari in kawo ma'auni guda ɗaya wanda ba ya ƙarya, wato wutar lantarki. Babu ƙasar da ta ɗaukaka a wannan zamanin ba tare da ita ba. Injinan da muka girka in an haɗa su a takarda sun kai megawat dubu 13. Abin da yake isa ga jama'a kullum kuwa tsakanin dubu 4 ne da dubu 5. Mutum sama da miliyan 200 ke raba wannan. Afirka ta Kudu mai mutum kusan miliyan 60 tana da ƙarfin da ya haura dubu 40, kuma ita ma ta sha kuka da ɗauke wuta. Masar ta ba kamfanin Siemens kwangilar tashoshi uku, aka gama su a 2018 cikin ƙasa da shekara uku, megawat 14,400. Wato abin da suka ƙara a aiki ɗaya ya fi duk abin da muka girka tun daga Kainji a 1968, da Jebba, da Shiroro, har zuwa Zungeru.

Matsalar kuma ba ta tsaya a samarwa ba. Tashar gas tana nan amma ba gas, saboda ba a biya masu kawo shi ba. In an samar, manyan layukan ba za su iya ɗauka ba. In sun ɗauka, kamfanin rarrabawa ba ya iya karɓo kuɗinsa, saboda rabin masu amfani ba su da mita. Kowane mataki yana bin na gabansa bashi. An sayar da kamfanonin a Nuwamban 2013 da sunan za a ga canji, sunan NEPA ne kawai ya canza a baki.

Maman Khalifa (Kantin Kwari):
Injiniya ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Wa zai manta da watan Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana ta tashi cikin duhu sama da mako guda? A layinmu akwai wata baiwar Allah mai sayar da zoɓo da kunun aya, firiza biyu gare ta. Da idona na ga ta fito da robobi tana zubarwa a kwata, tana kuka, jarinta ke nan gaba ɗaya. Ƙanƙarar da ake saya da ɗan canji ta koma sai mai hali. Telan da ke mini ɗinki ya koma keken ƙafa, masu cajin waya suka zama manyan unguwa, masu niƙa suka ninka kuɗi. Kuma a lokacin fetur ya haura naira dubu a lita, balle ka ce za ka tada janareto.

Sannan ku zo kasuwarmu ku duba. Ana cewa Kantin Kwari ce babbar kasuwar yadi a Afirka ta Yamma, kuma gaskiya ne, daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa sari. Amma ɗaga turmin atamfa ka duba bakinsa. Kusan duka daga Chana. Mahaifina a masaƙa ya yi aiki a Kakuri, da albashinsa ya aurar da mu. Yau masaƙun KTL da Arewa Textiles sun zama kango. Mu dillalan kayan wasu ne kawai, muna kiran kanmu cibiyar kasuwanci.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ku ba ni dama in faɗi yadda mu muke ganinku daga wannan ɓangaren iyaka. Mun taso muna kiran Najeriya babbar yaya. Kano ita ce birninmu, can ake sayayyar aure, can ake zuwa neman magani, rediyonku muke saurare. Dattijo a Maraɗi ya fi sanin farashin Dawanau da na Yamai. A 2014 jakar sefa ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura naira dubu biyu. Ɗan kasuwar da a da yake ɓoye naira a ƙarƙashin katifa, yanzu da ya karɓe ta yake neman inda zai canza ta kafin gari ya waye.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyar mutane shi ne 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, aka yanke mana wuta, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga wurinku take zuwa. Har aka yi maganar turo soja. Ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Ba ina kare sojoji ba ne, wannan wata muhawara ce daban. Ina faɗa muku ne cewa talakan Maraɗi da na Jibiya, da na Ƙonni da na Illela, su suka ji a jikinsu, kuma uwa ɗaya uba ɗaya suke. Daga ƙarshe kuma me aka samu? Sojojin suna nan, Nijar ta fice daga CEDEAO, wato ECOWAS.

Baba Mai Ritaya:
To ai ka ga maganata ta fito, ɗan uwa na Maraɗi. Ƙasar da in ta rufe ƙofa maƙwabta suka ji a jikinsu, ai babba ce.

Ɗan Maraɗi:
Babba ce Baba, babu mai ja. Amma a zamaninku in Legas ta yi magana ana bi ne don ana ganin girmanta. A 2023 Abuja ta yi magana, ta yi barazana, ta yanke wuta, ba a bi ba. Nan ne bambancin yake.

Malam Lawal Mai Lissafi:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni a ganina akwai wani kuskure da yake ƙarƙashin duk wannan, kuma masu yabo da masu zagi duk sun yi tarayya a cikinsa. Kowa ya yarda cewa Najeriya ƙasa ce mai arziki. Mai yabo ya ce muna da arziki, don haka mu manya ne. Mai zagi ya ce muna da arziki, sace shi ake yi. To ku zo mu ɗauki alƙalami.

Muna haƙo ɗanyen mai kusan ganga miliyan ɗaya da rabi a rana. Mu ɗauka ana sayar da ganga dala 80. Dala miliyan 120 ke nan a rana. Raba wa mutum miliyan 220. Kowa zai tashi da kusan rabin dala, wato wajen naira 800 a canjin 1,500. Kuma wannan kafin a cire kuɗin haƙowa da kason kamfanonin waje. Ko da ba a saci ko kwabo ba, ko da mala'iku ne ke rabon, abin da man zai ba kowannenmu bai kai kuɗin kwanon shinkafa da wake ba. Saudiyya tana haƙo ganga miliyan 9 ko fiye, mutanenta kuma ba su kai miliyan 40 ba. Da ita muke kwatanta kanmu a zuci, shi ya sa lissafin ba ya fita.

Ku duba kasafin kuɗin tarayya na 2024, naira tiriliyan 28.7. In ka ji adadin sai kanka ya yi nauyi. Raba shi ga kowane ɗan ƙasa, kusan naira dubu 130 ne a shekara guda cur. A cikin wannan za a biya bashi, a biya soja da ɗan sanda, a yi titi, a yi asibiti, a riƙe jami'a. Mu ƙasa ce mai yawan jama'a, matalauciya, wadda take da ɗan mai. A shekarun 1970 mutanen ba su kai rabin na yanzu ba, man da ake haƙowa kuma ya haura ganga miliyan 2 a wasu shekarun. Abin da Baba ya gani gaskiya ne, amma kuɗin mai ne a hannun mutane kaɗan. Jama'a ta ninka, man ya ragu, mu kuma muka ci gaba da tunanin 1977.

Illar wannan tunanin ita ce, wanda ya ɗauka yana da arziki ba ya neman yadda zai samar, rabo kawai yake jira. Gwamna yana jiran kason wata daga Abuja, shugaban ƙaramar hukuma yana jiran gwamna, mu muna jiran su.

Sadiq Ɗalibi:
Malam Lawal, da girmamawa, kada wannan lissafin ya zama wanke ɓarayi. Kuɗin Abacha kaɗai har yau dawo da su ake yi. Suwizalan ta dawo da dala miliyan 321 a wani zubin, a 2020 aka sake dawo da sama da miliyan 300 daga tsibirin Jersey. Matatun mai huɗu na gwamnati, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, ganga 445,000 a rana a takarda, shekara da shekaru ana ware kuɗin gyara, muna shigo da fetur daga waje. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta tun 1979 ake ginawa. Wannan ba talauci ba ne, ɓarna ce.

Malam Lawal Mai Lissafi:
Ban wanke kowa ba ƙanena. Cewa na yi satar ma ta fi muni, domin daga ɗan abin da bai isa ba ake yin ta. Wanda ya saci biliyan a Saudiyya ya rage wa mutane jin daɗi. Wanda ya saci biliyan a nan ya rufe asibitin wani ƙauye. Amma in gobe aka daina sata ƙaf, ba za mu farka mu ga Dubai ba. Sai mun yi noma na zamani, mun yi masana'anta, mun karantar da yara. Ɗan siyasar da ya ce maka da ya hau komai zai wadata saboda ƙasar tana da arziki, ko bai yi lissafi ba, ko ya san ba ka yi ba.

Sista Rabi:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, a ɗakin haihuwa nake. Ba na son in yi dogon bayani don abin yana taɓa ni. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya a kan shekarar 2020 ya nuna cewa cikin duk mata huɗu da suka rasu wajen haihuwa a duniya baki ɗaya, fiye da ɗaya 'yar Najeriya ce. A duniya fa, ba a Afirka ba. Na sha riƙe fitilar waya a baki ina ɗinki. Na sha ganin an kawo mace daga ƙauye a bayan a-kori-kura, jini ya ƙare mata a hanya, miji yana yawo da takarda yana neman leda ɗaya ta jini.

A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Sunan babban birninmu yarjejeniyar take ɗauke da shi, amma kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba, yawanci kusan kashi 5 ne. Matsakaicin tsawon rai a nan kimanin shekara 54 ne. A Nijar da muke wa kallon ƙanwa ya haura 60. Shugabanninmu kuma in ciwo ya kama su jirgi suke hawa. Marigayi 'Yar'aduwa Saudiyya aka kai shi, marigayi Buhari ya yi sama da kwana 100 a Landan a zuwa ɗaya a 2017. Allah ya jiƙansu. Amma su da kansu sun nuna mana matsayin asibitocin da suke shugabanta.

Ɗan Ƙasa Nagari:
Haba jama'a! Tun ɗazu sai kushe kawai nake gani. Ba ku da wata ƙasar fa sai wannan. Matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana a ina take? Amina Mohammed mataimakiyar Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya 'yar ina ce? Ngozi Okonjo-Iweala da ke shugabantar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya fa? Marigayi Barkindo ya riƙe OPEC. A 2014 cutar Ebola ta shigo Legas, duniya ta ɗauka mun gama yawo, cikin wata uku aka murƙushe ta, mutum 8 suka rasu. A 2020 aka tabbatar mun rabu da cutar shan inna ta daji, bayan wahalar da aka sha a nan Arewa. Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022. 'Yan ƙwallonmu mata sun ɗauki kofin Afirka sau 10. Wannan duk ba girma ba ne? Ku ji tsoron Allah, yaranku suna karanta abin da kuke rubutawa.

Malama Asabe:
Ɗan uwa, babu wanda ya tsani ƙasar nan a cikinmu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma ka sake duba jerin da ka kawo. Kusan duka mutum ɗaya ne ya yi fice da ƙoƙarinsa, ko ɗan kasuwa da kuɗinsa. Matatar Dangote abin alfahari ce, sai dai tana tuna mana cewa mutum ɗaya ya yi abin da gwamnati mai matatu huɗu ta kasa. A gasar Olympics ta Paris a 2024 mun tura tawaga babba, ko tagulla ba mu samo ba, alhali akwai 'yan asalin Najeriya da suka ci lambobi da tutar wasu ƙasashe. Mutanen suna da ƙwazo, tsarin ne ba ya riƙe su.

Ebola da shan inna su ne misalai biyu da na yarda aikin hukuma ne, kuma su suka fi ba ni ƙwarin gwiwa. A shan inna an haɗa sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya, mata suka bi gida gida shekara da shekaru, wasu har ransu suka rasa a Kano a 2013. Ga shaida cewa in aka sa abu a gaba, aka bi shi da lissafi, ana iyawa. To me ya hana a yi wa makarantar firamare irin wannan bin?

Alhaji Na Zangon Kumasi:
Ina gaishe ku daga Gana. Mu nan mun ga fuska biyu. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi, Hausawa da Yarbawa da yawa suka kwashe kaya. A 1983 gwamnatin Shagari ta rama, aka koro mutanen Gana wajen miliyan ɗaya, har jakar nan ta samu sunan Ghana Must Go. A lokacin Legas ce wurin neman kuɗi. Yau kuwa ɗaliban Najeriya ne cike da jami'o'in nan, iyayensu suna biya da dala don kawai yaro ya gama a kan lokaci. Amma kada ku ɗauka nan aljanna ce. Mun sha ɗauke wuta da ake kira dumsor, a ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50, gwamnati ta kasa biyan bashi. Mu ma muna da namu kirarin, na ƙasar da ta fara samun 'yanci daga Turawan mulkin mallaka a Afirka ta Yamma a 1957, kuma shi ma bai cika wa kowa ciki ba.

Ɗan Ƙasa Nagari:
To kun ji. Kowa da tasa matsalar. Me ya sa sai tamu ake tallatawa?

Shugaban Zaure:
Jama'a a ci gaba cikin mutunci kamar yadda aka faro. Ɗan Ƙasa, babu wanda ya tallata, 'yan gida ne suke magana a gida.

Malama Asabe:
Tunda 'yan gida ne, bari in shigo tsakar gidan. Muna ta maganar Najeriya, amma mu 'yan Arewa muna da namu kirarin a cikin kirari. Mu ne masu yawa, mu ne masu ƙasar noma, ba a cin zaɓe sai da mu, mu ne jikokin Shehu, mu ne magadan Sardauna. To a Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, wanda ya haɗa da ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. Mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa. A cikinsu miliyan 86 a Arewa suke. Sakkwato, cibiyar daula, kashi 91. Ondo kashi 27. Hukumar gwamnati ce ta faɗa, a lokacin da ɗan Arewa ke mulki, balle a ce maƙiya ne.

Yaran da ba sa zuwa makaranta, ko ka ɗauki ƙididdigar da ta ce miliyan 10 da rabi, ko ta UNESCO da ta ce kusan miliyan 20, mafi yawansu namu ne. Ni ina koyarwa a makarantar gwamnati. Ajin da nake shiga yara sun haura ɗari, rabi a ƙasa suke zaune, na baya ba ya jin abin da nake faɗa. Yarinya za ta gama aji shida ba ta iya karanta sunanta ba. Nana Asma'u a ƙarni na 19 ta tsara 'yan taru, tana tura jajis ƙauye ƙauye su karantar da mata. Sardauna cikin 'yan shekaru ya kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da Bankin Arewa, da kamfanin raya Arewa na NNDC, da kuɗin gyada da auduga da fata, ba da kuɗin mai ba. Mu da muke ambaton sunansu a kowane taro, me muka ɗora a kai? Mun zama kamar magadan da suka gaji gida mai ƙaton zaure, kullum suna shafe zauren da farar ƙasa saboda baƙi, rumbu kuwa babu ko dami.

Baba Mai Ritaya:
Malama 'yata, wannan magana ta yi mini nauyi, kuma ba ni da abin musawa a cikinta. Abin da kawai nake tsoro shi ne a raba yara da sunan gaba ɗaya. Yaron da aka gaya wa ƙasarsa ba komai ba ce, ba zai tsaya ya gyara ta ba, hanyar Agadas zai nema. Mu abin da ya sa muka yi aiki da gaskiya a ofis, mun yarda muna gina wani abu babba ne. Ku faɗa musu gaskiyar lissafin Malam Lawal, na yarda. Amma ku haɗa musu da labarin Murtala a Addis Ababa, su san an taɓa yi.

Sadiq Ɗalibi:
A gaya mana duka biyun Baba, mun yarda. Abin da ba ma so shi ne a ba mu na farkon a ɓoye na biyun. An yi Vision 2010, an yi Vision 20:2020 da aka ce za mu shiga cikin ƙasashe 20 mafi ƙarfin tattalin arziki. Shekarar ta zo ta wuce, babu wanda ya fito ya yi wa jama'a bayanin inda aka tsaya.

Maman Khalifa (Kantin Kwari):
Injiniya, ni tambaya gare ni. Wannan tashar wutar Mambilla da muke ji tun muna 'yan mata, wai ina aka kwana? Kuma jihohi ba za su iya yin tasu wutar ba sai an jira Abuja?

Injiniya Bello:
Hajiya, Mambilla a jihar Taraba an tsara ta ba da megawat 3,050. Tun shekarun 1980 ake maganarta. A 2017 aka amince da kwangilar kusan dala biliyan 5.8, sai rikicin tsohuwar kwangila ya kai mu gaban kotun sasanci a Paris, aikin bai tashi ba. Habasha kuwa ta aza harsashin babbar madatsarta a kan kogin Nilu a 2011, ta buɗe ta a Satumban 2025, megawat sama da dubu 5. Yawancin kuɗin daga cikin gida aka tara, ma'aikata da 'yan kasuwa suka sayi takardun lamuni, duk da matsin lambar Masar da yaƙin da suka yi a tsakani. Madatsa ɗaya tasu ta kai abin da ƙasarmu duka take rabawa a rana mai kyau.

Batun jihohi kuwa, ƙofa ta buɗe. Gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 sun ba jiha ikon samar da wuta, ta rarraba, ta kafa hukumar da za ta sa ido a cikin iyakarta. Jihohi irin su Enugu da Legas sun riga sun karɓi ikon. A Kano akwai tashar hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a farkon 2023, ga ƙananan tashoshin ruwa na Tiga da Challawa. Kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da buƙatar Sharaɗa da Bompai kaɗai, amma rana da muke da ita a Arewa ta fi ta ko'ina a ƙasar nan, kuma tashar hasken rana ba ta buƙatar bututun gas daga Neja Delta. Kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Kasafin kowace jiha yana fita a rubuce duk shekara. Ki sa Khalifa ya nemo na jiharku, ku duba nawa aka ware wa wuta, nawa kuma aka saki a zahiri, ku kawo mana nan mu gani. Ni zan kawo na jiharmu.